Ƙanƙara, Ruwa da Tururi: Bayanin Halayen Abubuwa ta Fuskar Ra'in Ƙwayoyi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ra'in da masana kimiyya ke dogara da shi wajen fahimtar halaye uku da ake samun abubuwa a cikinsu, watau daskararre da mai ruwa-ruwa da gas. An nuna cewa ƙwayoyin abu ba sa sauyawa idan ya narke ko ya tafasa. Abin da ke sauyawa shi ne tsarin zamansu da ƙarfin motsinsu da kuma tazarar da ke tsakaninsu. An kawo taƙaitaccen tarihin ra'in, sa'an nan aka gwada shi a kan abubuwan yau da kullum kamar randa da layin dogo da tukunyar gas.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ba abu guda sunaye uku. Idan ya sandare ya kira shi ƙanƙara, idan yana gudana ya kira shi ruwa, idan kuwa ya tashi daga bakin tukunya ya ce da shi tururi. Haka kuma yana da fi'ilan da ke nuna sauyawa daga wannan hali zuwa wancan, kamar daskarewa da narkewa da tafasa da ƙafewa. Wannan ya nuna cewa tun can azal mutane sun lura da waɗannan sauye-sauye, har sun gina sana'o'i a kansu. Maƙerin farfaru yana narkar da azurfa ya zuba ta a ma'auni ta sandare, mai man shanu ta san kayanta za su narke da rana su daskare da sanyin asuba, uwargida kuma ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi.

Sanin cewa abu yana faruwa daban yake da sanin dalilin faruwarsa. Me ya sa dutse ke riƙe siffarsa, alhali ruwa yana ɗaukar siffar duk mazubin da aka zuba shi? Me ya sa ake iya danne iska a cikin famfon keke amma ba a iya danne ruwa? Amsar da kimiyya ta bayar guda ce ga dukkan waɗannan tambayoyi, ita ce cewa kowane abu tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu motsi, masu kuma jan juna.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita wasu kalmomi, domin biyu daga cikinsu suna da harshen damo. Kalmar “ruwa” a Hausa tana nufin ruwan sha, tana kuma nufin duk abin da ke kwarara, kamar yadda ake cewa ruwan zuma ko ruwan dalma. Saboda haka a wannan maƙala an keɓe “ruwa” ga ruwan sha, aka yi amfani da “mai ruwa-ruwa” ga duk abu mai kwarara, kamar mai da kananzir da zaiba. Haka nan “iska” tana nufin wadda ake shaƙa da wadda ke kaɗawa, don haka an ɗauki “gas” a matsayin sunan hali na uku, iskar shaƙa kuwa gauraye ce ta gas iri-iri, mafi yawansu naitirojin da oksijin. “Daskararre” shi ne duk abu mai tsayayyar siffa, kamar gishiri da ƙarfe da ƙanƙara.

Kalmar “ƙwaya” kuma ta haɗa abu biyu. Akwai ƙwayar zarra, wadda ita ce mafi ƙanƙantar yanki na wani sinadari, akwai kuma molekul, watau ƙwayoyin zarra biyu ko fiye da suka ɗauru da juna. Alal misali, molekul ɗin ruwa ya ƙunshi ƙwayar oksijin ɗaya da ta haidurojin biyu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Ra'in

Tunanin cewa abubuwa sun haɗu ne daga ƙwayoyin da ba sa rabuwa ya daɗe. Dimokuradis, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya faɗi haka tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma Aristotle ya ƙi yarda, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a Turai na tsawon ƙarnoni. Malaman ilmin kalam na Musulunci su ma sun yi doguwar muhawara a kan abin da suka kira jauharul fardi, watau yankin da ba ya ƙara rabuwa. Duk waɗannan hujjoji ne na hankali, babu gwaji a cikinsu.

Gwaji ya shigo ne a ƙarni na 17. A shekarar 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matse iska zuwa rabin wurin da take ciki ba tare da zafinta ya sauya ba, matsinta yana ninkuwa biyu. A 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana dalili, inda ya ce matsin gas ba komai ba ne illa dukan da ƙwayoyinsa ke yi wa bangon mazubi. John Dalton na Ingila ya kafa ra'in ƙwayar zarra a ilmin sinadarai cikin littafin da ya fara fitarwa a 1808, sa'an nan Rudolf Clausius a 1857 da James Clerk Maxwell a 1860 suka ɗora ra'in a kan lissafi.

Duk da haka wasu manyan masana sun ci gaba da shakka har farkon ƙarni na 20, domin babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar da ido. Hujjar da ta kashe bakin masu musu ta samo asali ne daga wani masanin tsirrai, Robert Brown. A 1827 ya duba wasu ƙananan ɓurɓushi da suka fito daga garin fure a cikin ruwa ta madubin ƙara girma, sai ya ga suna ta karkarwa suna kai da komo ba tsayawa. Ya maimaita gwajin da garin dutse ya ga haka, ya tabbatar motsin ba alamar rai ba ne, amma bai gano sababinsa ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa molekul ɗin ruwa ne ke dukan ɓurɓushin ta kowane gefe, kuma dukan ba ya zuwa daidai wa daida. Jean Perrin na Faransa ya auna motsin tun daga 1908, ya sami sakamakon ya dace da lissafin, aka ba shi kyautar Nobel a 1926. Daga bisani, a 1981, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'urar da ke iya fitar da hoton ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya a saman daskararren abu.

4.0 Ginshiƙan Ra'in

Ra'in ya tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu.

(a) Ƙwayoyin ƙanana ne ainun. Idan aka jera molekul ɗin ruwa a layi, sai an sami fiye da miliyan 3 kafin su cika milimita ɗaya. Ɗigon ruwa guda yana ɗauke da kimanin 1,700,000,000,000,000,000,000. Da a ce mutanen duniya biliyan 8 za su taru kowa yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, da sai sun shafe fiye da shekara 6,000 kafin su gama da ɗigon nan.

(b) Ƙwayoyin ba sa daina motsi. Abin da ma'aunin zafi ke aunawa shi ne matsakaicin kuzarin wannan motsi. Ƙarin zafi yana nufin ƙarin motsi, sanyi kuwa raguwarsa ce. Saboda haka ne sanyi ke da iyaka, watau digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin salshiyos, inda motsin ya kai matuƙar ƙarancinsa. Dukkan digirin da za a ambata nan gaba na wannan ma'auni ne.

(c) Ƙwayoyin suna jan juna idan sun kusaci juna, jan kuma yana raunana da sauri idan sun yi nisa. Idan kuwa aka matsa su fiye da kima sai su ture juna.

(d) Tsakanin ƙwayoyin akwai tazara, kuma babu komai a cikinta, ko da iska, tun da iskar kanta ƙwayoyi ce.

Daga waɗannan ginshiƙai za a ga cewa a cikin kowane abu akwai ja-in-ja tsakanin motsi mai son warwatsa ƙwayoyi da jan juna mai son tattara su. Wanda ya yi rinjaye a cikinsu shi ke yanke halin da abin zai kasance.

5.0 Halayen Uku

5.1 Daskararre

A daskararren abu jan juna ne ya yi rinjaye. Ƙwayoyin suna cunkushe, kowace tana da gurbinta, motsin da take yi kuwa bai wuce karkarwa a wuri ɗaya ba. Dalili ke nan da ya sa daskararre ke da tsayayyar siffa da tsayayyen girma, ba ya kuma dannuwa. A yawancin daskararru jerin ƙwayoyin yana da tsari mai maimaita kansa. A 1913 William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da hasken eksire suka gano yadda ƙwayoyin sodiyam da na kulorin ke jere bi da bi a cikin gishiri, abin da ya sa ƙwayar gishiri ke fitowa da siffar ɗan akwati mai fuska shida. Gilashi kuwa daskararre ne wanda ƙwayoyinsa suka tsaya ba bisa irin wannan tsari ba.

Idan daskararre ya yi zafi, karkarwar ƙwayoyinsa tana ƙaruwa, kowace ta buƙaci ƙarin wuri, sai abin ya ɗan buɗe. Ƙarfen dogo mai tsawon mita 100 yana ƙara kusan santimita 3 da rabi idan zafinsa ya hau da digiri 30. Wannan ne ya sa aka bar 'yar kafa tsakanin ƙarafan tsohon layin dogo, don kada su lanƙwashe da zafin bazara. A nan akwai kuskuren da ɗalibai suka cika yi, watau zaton cewa ƙwayoyin ne ke kumbura. Girman ƙwaya yana nan yadda yake, tazarar tsakaninsu ce ta ƙaru.

5.2 Mai Ruwa-ruwa

A nan motsi da jan juna sun yi kusan kunnen doki. Ƙwayoyin suna nan kusa da juna kamar a daskararre, sai dai ba su da gurbi na dindindin, suna zamewa suna wuce juna kamar jama'a a tsakiyar kasuwa. Kusancinsu ya sa girman abin ba ya sauyawa, lita ɗaya ta mai tana nan lita ɗaya ko a kwalba ko a kwano. Zamewarsu kuwa ita ta sa yake kwarara yana bin siffar mazubi. Tun da babu sauran wurin matsawa, mai ruwa-ruwa kusan ba ya dannuwa, kuma a kan wannan aka gina birkin mota: direba ya taka, man birki ya kai ƙarfin takun zuwa ƙafafun motar nan take. Idan iska ta shiga bututun, ita za ta dannu ta shanye ƙarfin, birkin ya yi laushi, wanda shi ya sa makanikai ke fitar da ita.

Bambancin kauri tsakanin zuma da kananzir shi ma daga nan yake. Inda ƙwayoyi ke riƙe juna da ƙarfi, zamewa tana wuya. Idan aka ɗumama zuma motsi ya ƙaru, sai ta tsinke ta gudana.

5.3 Gas

A gas motsi ya yi rinjaye, ƙwayoyin sun kuɓuce wa juna suna gudu ta kowace fuska. Lita ɗaya ta ruwa idan ta tafasa ta ƙare tana zama kimanin lita 1,700 ta tururi, alhali yawan ƙwayoyin bai ƙaru ko da ɗaya ba. Tazarar da ke tsakaninsu ce ta ninku fiye da sau goma ta kowane gefe. Wannan sarari shi ya sa gas ke dannuwa, gudun ƙwayoyin kuma shi ya sa yake cika duk mazubin da ya samu.

Ƙwayoyin iskar ɗaki suna gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa, wanda ya fi saurin sauti. Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne me ya sa ƙanshin turaren wuta ke ɗaukar lokaci kafin ya kai ƙarshen ɗaki? Dalili shi ne kowace ƙwaya tana karo da 'yan'uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kowane karo kuma yana sauya mata hanya, ta yadda tafiyarta ta zama ta kai da komo. Hasali ma kaɗawar iska ce ke taimaka wa ƙanshin ya yi nisa.

Dukan da ƙwayoyin ke yi wa bango shi ne matsi. A bakin teku iska tana danna kowane murabba'in santimita na jikin mutum da nauyin kusan kilo ɗaya. Idan gas yana rufe a mazubi aka ƙara masa zafi, ƙwayoyin za su riƙa dukan bango da ƙarfi kuma a kai a kai, matsi ya hau. Abin da ke faruwa ke nan a tayar motar da ta yi doguwar tafiya a kan kwalta mai zafi.

6.0 Sauyawa Daga Hali Zuwa Hali

6.1 Narkewa da Daskarewa

Abu yana narkewa ne idan karkarwar ƙwayoyinsa ta yi ƙarfin da za ta fizge su daga gurabensu. Zafin da ake buƙata ya danganta da ƙarfin jan junan. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, gishiri a 801, zinariya a 1,064, baƙin ƙarfe a 1,538, zaiba kuwa tun a digiri 39 ƙasa da sifiri, shi ya sa ake ganinta kullum tana kwarara. Wani abin lura shi ne muddin ƙanƙara tana cikin narkewa, ma'aunin zafi ba ya gusawa daga sifiri ko da wuta na ci a ƙarƙashinta, domin zafin yana tafiya ne wajen kwance ƙwayoyin daga juna. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa kusan digiri 80.

6.2 Ƙafewa da Tafasa

Ƙwayoyin ruwa ba gudu ɗaya suke yi ba. A kowane lokaci akwai 'yan kaɗan a saman ruwan da suka fi saura kuzari, su ne ke kuɓucewa su shiga iska, ko da ruwan bai tafasa ba. Tun da masu kuzarin ne ke tafiya, waɗanda suka rage sai matsakaicin motsinsu ya ragu, watau ruwan ya yi sanyi. Sirrin randa ke nan. Yumɓu yana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya ƙafe a bayan randar ya tafi da zafi. Bokitin roba ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, aikin da ya jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta hunturu. A wuri mai laima kamar Legas, iska ta riga ta cika da ƙwayoyin ruwa, masu komowa sun kusa kai masu tashi, shi ya sa gumi ke daɗewa a jiki bai bushe ba.

Tafasa kuwa tana faruwa ne idan kumfar tururi ta iya tasowa daga cikin ruwan kanta, ta rinjayi matsin iskar da ke danne shi. A bakin teku hakan na faruwa a digiri 100. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, matsin iska ya ragu, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, wake kuma ya fi daɗewa bai nuna ba. Tukunyar matsi tana yin akasin haka, tana tsare tururi har ruwa ya kai kusan digiri 120. Zafin da ake buƙata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ya kai shi daga sifiri zuwa tafasa fiye da sau biyar, kuma tururin yana sakin wannan zafi duka idan ya koma ruwa a kan fata. Dalili ke nan da ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni.

Ya kamata a lura cewa farin hayaƙin da ake gani a saman tukunya, wanda aka saba kira tururi, ƙananan ɗige-ɗigen ruwa ne da suka riga suka huce. Tururin da yake gas na ainihi ba a ganinsa, yana a ɗan sararin da ke tsakanin bakin buta da farin hayaƙin. Raɓa da gumin da ke bayan kwalbar ruwan sanyi duk ƙwayoyin ruwa ne na cikin iska da suka rasa kuzari suka taru. Akwai kuma abubuwan da ke tsallake halin ruwa-ruwa, kamar kafur, wanda ke ƙanƙancewa a cikin akwatin tufafi ba tare da ya jiƙa komai ba.

6.3 Mai da Gas Ruwa-ruwa

Ana iya tilasta wa ƙwayoyin gas su koma kusa da juna ta hanyar sanyi ko matsi. A Tsibirin Bonny na Jihar Ribas, inda aka fara fitar da kaya a 1999, ana sanyaya gas ɗin da aka haƙo zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, girmansa ya ragu kusan sau 600, sa'an nan a loda shi a jiragen ruwa. Gas ɗin girki kuwa matsi ne ke riƙe shi a halin ruwa-ruwa, wanda ya girgiza tukunyar zai ji motsinsa. Ana barin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar babu komai domin abin da ke ciki ya sami wurin buɗewa idan ya yi zafi. Tukunyar da aka cika maƙil, ko aka ajiye kusa da wuta, tana iya fashewa. Haka kuma wannan gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya yana kwanciya ne a ƙasan ɗaki, don haka buɗe ƙofa ya fi buɗe tagar sama amfani.

7.0 Inda Ruwa Ya Saɓa

A yawancin abubuwa daskararre ya fi mai ruwa-ruwansa nauyi, yana nutsewa a cikinsa. Ruwa ya fita daban. Idan ya daskare, molekul ɗinsa suna jeruwa cikin tsari mai kusurwa shida wanda ya bar sarari a tsakiya, sai girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Saboda haka ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kwalbar da aka cika aka bari a firji take fashewa, tafkunan ƙasashe masu sanyi kuma suke daskarewa daga sama kifaye su rayu a ƙasa. Wannan bai rushe ra'in ba, ya dai nuna cewa siffar ƙwaya da yadda take riƙe maƙwabtanta su ma suna da tasiri. Haka nan halayen ba su tsaya a uku ba. Idan zafi ya tsananta ƙwarai, ƙwayoyin zarra kansu suna rasa wasu sassansu, a sami hali na huɗu da ake kira filazma, wanda shi ne a rana da taurari da walƙiya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ra'i guda ya bayyana taurin dutse da kwararar mai da matsin taya da sanyin ruwan randa. Ƙanƙara da ruwa da tururi molekul iri ɗaya ne, sunayen uku suna nuni ne ga tsarin zamansu a lokuta daban-daban. Siffofi irin su tauri da kwarara da zafi na taron ƙwayoyi ne, ƙwaya guda ba ta narkewa, ba ta kumbura, ba ta tafasa. Wannan shi ne abin da ya fi cancanta mai koyar da darasin da mai fassara shi su kiyaye, domin jimla irin “ƙwayoyin ƙanƙara sun narke” tana da daɗin faɗi a baki, amma tana dasa kuskuren da ke da wuyar cirewa daga zuciyar ɗalibi. Abin da ya dace a ce shi ne ƙwayoyin sun bar gurabensu, ƙanƙarar ta narke.